Sabuwar Shekara a Bakin Ƙofar Maƙwabci: Al'adun Tsakiyar Hunturu a Ƙasar Wales



 

An ɗora mini in yi magana a kan al'adun tsakiyar hunturu da shigowar sabuwar shekara a ƙasar Wales. Na san wani zai ce a ransa, ina mu ina mutanen da ke can gefen Turai? To, ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci, in mun kai ƙarshe sai ku yi hukunci.

Wales ɗaya ce daga cikin ƙasashe 4 da suka haɗu suka zama Birtaniya. Tana yamma da Ingila, babban birninta Cardiff, su kuma 'yan ƙasar suna kiran ta Cymru. Ƙasa ce ta tuddai da kwaruruka da tumaki, a da kuma ta shahara da haƙar kwal. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta sun ɗan haura miliyan 3.1, kuma 538,300 daga cikinsu suna jin harshensu na gado, wanda ya riga Turanci zama a tsibirin.

Maganata a yau ɗaya ce. A tsohuwar al'adar waɗannan mutane, ana shiga sabuwar shekara ne sannu a hankali, cikin kusan mako uku, kuma ba wanda yake shiga shi kaɗai, ta ƙofar maƙwabcinsa yake bi. Zan kawo hujjata a batutuwa bakwai.

Na ɗaya: Duhu, da garma a ƙarƙashin tebur

Ba za a gane al'adun ba sai an gane lokacin. Wajen 21 ga Disamba, rana ba ta fitowa a Cardiff sai bayan ƙarfe 8 na safe, kuma da ƙarfe 4 na yamma ta kusa faɗuwa. Wuni bai cika awa 8 ba, sauran duk dare ne, ga sanyi, ga ruwa, ga iska daga teku. Ku ƙaddara manomi a irin wannan yanayi shekara 200 da suka wuce, babu lantarki, babu mota. Gona ba ta aiki, abincin da aka tara da kaka shi ake lallaɓawa, talaka kuma ya fara ƙirga abin da ya rage.

Me mutum yake yi da lokacin da ƙasa da kanta ta ƙi aiki? Mutanen karkarar Wales hutu suka mayar da shi. Suna kiran kwanakin da suka fara daga Kirsimeti Y Gwyliau, kwana 12 ne a yawancin wurare, wasu kuma sukan ja shi ya fi haka. A wasu gidajen gona akan shigo da garma cikin ɗaki a ajiye ta ƙarƙashin teburin cin abinci, alamar an dakatar da aiki. In an zauna sha, akan ɗan zuba wa garmar nata rabon, wai kada ta ce an manta da ita. Ku lura da kyau, abu na farko da suke yi domin tarbar shekara shi ne ajiye kayan aiki.

Na biyu: Waƙar asuba

Ƙofar wannan lokaci ita ce ibadar da suke kira Plygain. A da, tsakanin ƙarfe 3 da 6 na asubar Kirsimeti ake yin ta. Mutane da yawa ba sa kwanciya a daren. Matasa sukan taru a gida ɗaya su dafa wata alewa mai suna cyflaith, ana jan ta da hannu ana hira, 'yan mata kuma su ɗiga ta a ruwan sanyi su duba ko ta lanƙwashe ta yi kama da harafin farko na sunan mijin da za su aura. Lokaci na yi, sai kowa ya ɗauki kyandirinsa a nufi coci.

Tsarin zaman ya cancanci a tsaya a kansa. Bayan gajeriyar addu'a, limamin coci zai ce an buɗe fili, ya koma ya zauna. Babu mai gabatarwa, babu jerin sunaye, babu kayan kiɗa. Mutum uku ko huɗu su tashi su rera tasu, su zauna, wasu su tashi. Ƙa'ida ita ce ba a maimaita waƙar da wani ya riga ya rera, saboda haka kowace ƙungiya sai ta zo da guzurin waƙoƙi fiye da ɗaya. Akwai gidajen da aka san su da waƙarsu ta gado, wani ba ya taɓa ta. Har yau ana yin Plygain, musamman a tsohon lardin Maldwyn da kewayensa, a ƙauyuka irin su Llanerfyl da Mallwyd. Sai dai yanzu yawanci da yamma ake yi, mata sun shiga, kuma ana bi coci-coci tun daga Disamba har cikin Janairu.

Na uku: Goɗiyar da ke roƙon a buɗe mata

Yanzu mun zo kan wadda ta fi kowacce suna, Mari Lwyd. Kada ku tsorata da siffarta. Ƙoƙon kan doki ne na gaske, an wanke shi tas, an kafa shi a kan sanda. An lulluɓe shi da farin zane wanda mutum ke ɓuya a ciki, an sa masa idanu na gindin kwalba, an ƙawata shi da ƙyallaye masu launi da 'yan ƙararrawa. Muƙamuƙin ƙasa kuma an yi masa dabara yadda na ciki zai riƙa buɗe shi yana datsewa. Wani mutum cikin kyakkyawar shiga yana riƙe da linzami, wasu 'yan rakiya suna biye, cikinsu har da masu shigar ban dariya. Haka za su bi gida-gida da dare, tsakanin Kirsimeti da farkon Janairu, musamman a kudancin ƙasar, a yankunan Morgannwg da Gwent.

Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne abin da ke faruwa a bakin ƙofa. In tawagar ta iso, sai ta tarar an kulle. Na waje su rera baiti suna neman izinin shiga. Na ciki su mayar da baiti suna kawo uzuri: babu abinci, ko dare ya yi, ko ku ɗin ma ba ku iya waƙa ba. Na waje su rama da zambo, na ciki su mayar da habaici, kowa yana ƙaga nasa nan take. Wannan ja-in-ja a waƙe shi suke kira pwnco, kuma yakan ɗauki lokaci mai tsawo in an haɗu da gwanaye. Duk sa'ad da baitin masu gida ya ƙare, dole su buɗe. Goɗiya ta shigo tana haniniya, tana kai wa mutane cizo, yara suna ihu suna ɓuya, sannan a kawo abinci da abin sha. Kafin su fita sai su yi wa gidan waƙar fatan alheri na shekara mai zuwa.

Jama'a, ku tambayi kanku: tunda kowa ya san a ƙarshe za a buɗe, mene ne amfanin kulle ƙofar? Amsata ita ce jinkirin shi ne al'adar. A cikin wannan musayar, maƙwabci yana iya gaya wa maƙwabcinsa cewa shi marowaci ne, ko mashayi, ko malalaci, a yi dariya, a ci abinci tare, a wuce wurin. Abin da ya taru a zuciya tsawon shekara ya sami hanyar fita da ba ta kai ga gaba ba.

Za ku ji ana cewa Mari Lwyd ta samo asali tun kafin zuwan Kiristanci, ana danganta ta da Rhiannon, matar da aka sani da doki a tsoffin labaransu na Mabinogi. Mai nazari dai ya riƙe abin da ke rubuce: ambato mafi daɗewa da aka samu yana cikin littafin tafiye-tafiyen wani J. Evans na shekarar 1800. Ga kuma wani abin dariya na tarihi. A 1852 wani faston ɗariƙar Baftis, William Roberts, wanda aka fi sani da Nefydd, ya wallafa littafi yana sukar al'adar, yana jan kunnen matasa su guje ta saboda shaye-shaye da hayaniyar da ke tare da ita. Domin ya nuna muninta sai ya rubuta baitocinta dalla-dalla. Da al'adar ta yi rauni a ƙarni na 20, masu son farfaɗo da ita suka sami littafinsa ya adana musu abin da suke nema. Ya zo binne ta, sai ga shi ya zama ma'ajinta. Ƙauyen Llangynwyd kusa da Maesteg ya yi suna wajen riƙe ta, a garin Chepstow na bakin iyaka kuwa an saba kai goɗiyar kan tsohuwar gadar kogin Wye a watan Janairu, ta haɗu da masu bikin ɓangaren Ingila.

Na huɗu: Tuffa mai ƙafa uku da ruwan asuba

Dare na manya ne, safiyar 1 ga Janairu kuma ta yara ce. Tun da sassafe sukan fita gida-gida suna waƙar fatan alheri, a ba su abin da ake kira calennig. Kowane yaro yana riƙe da tuffa ko lemo da aka soka wa tsinke uku a matsayin ƙafafu, aka caccaka masa kanumfari ko ƙwayar hatsi, aka kafa masa ɗanyen ganye a ka. Akan ajiye shi a taga daga baya, a bar shi har ya bushe. Akwai iyaka kuma: rana na take tsaka, an rufe, wanda ya zo bayan ƙarfe 12 ya makara.

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Damagaram, ya ga yara suna tashe daga goma ga watan azumi, ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ya san yadda waƙa take buɗe ƙofa, ya san yadda mai gida yake miƙa hatsi ko 'yan kuɗi yana murmushi.

Amma kada kyawun hoton ya rufe mana ido. A farkon lamari, abin da ake ba masu yawon calennig a wurare da dama burodi ne da cuku, kuma 'ya'yan talakawa da leburorin gona su ne suka fi fita, wani lokaci su yi tafiya mai nisa cikin sanyi da jaka a kafaɗa. Kuɗi daga baya suka maye gurbin abincin. Wato wannan hanya ce ta fitar da abinci daga gidan mai shi zuwa gidan marar shi, daidai lokacin da yunwa ta fi cizo. Ina hikimar take? Yaron bai zo hannu rabbana ba. Ya kawo waƙa da addu'a da tuffarsa, saboda haka musaya aka yi, ba bara ba. Mai bayarwa bai yi gori ba, mai karɓa bai sunkuyar da kai ba.

A lardin Penfro na kudu maso yamma, a garuruwa irin su Tenby, akwai ƙari. Yara sukan tashi kafin gari ya waye su ɗebo sabon ruwa daga rijiya ko maɓuɓɓuga, su tsoma reshen ɗanyen ganye a ciki, su riƙa yayyafa wa mutane a fuska da hannu. In an bar su sun shiga, su yayyafa a kowane ɗaki. In ƙofa a kulle take, su yayyafa wa ƙofar su wuce. Ana kuma son kowa ya biya bashinsa kafin tsohuwar shekara ta fita, a share gida, kuma ana ƙin ba da aro a ranar farko. Akwai masu duba wanda ya fara tsallaka dokin ƙofa, suna fatan ya zama namiji mai baƙin gashi. Wannan na ƙarshe camfi ne tsagwaronsa, kuma ina ba ku labari ne, ba fatawa nake bayarwa ba. Amma batun biyan bashi, wa zai ce ba hankali ba ne?

Na biyar: Kwarin da ya ƙi a gaggauta shi

Nan sai mun ɗan yi lissafi, ɗalibai ku gyara zama. Kalandar da Juliyas Kaisar ya kafa ta ɗauki shekara a matsayin kwana 365 da rubu'i. Wannan ya zarce shekarar rana ta gaskiya da kusan minti 11, abin da ke taruwa ya zama kwana guda a duk shekara 128. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya gyara, aka tsallake kwana 10. Birtaniya, da yake ba ta bin Fafaroma, ta ƙi karɓa har sai 1752. A wannan shekara mutane suka kwanta ranar Laraba 2 ga Satumba, suka wayi gari Alhamis 14 ga Satumba, kwana 11 sun tafi. Dokar da ta kawo wannan ita ce kuma ta mayar da farkon shekarar hukuma zuwa 1 ga Janairu, don kafin nan a Ingila da Wales daga 25 ga Maris ake ƙirgawa.

Akwai wani ɗan siririn kwari mai dazuka a lardin Penfro, kusa da garin Abergwaun, sunansa Cwm Gwaun. Mutanensa sun karɓi sabuwar kalanda a kasuwa da kotu, amma a bikin sabuwar shekara suka tsaya kan tsohon lissafi. Har gobe, ranar 13 ga Janairu suke yin nasu, suna kiran sa Hen Galan. Yaran ƙauyuka irin su Pontfaen da Llanychaer su bi gidajen gona suna waƙa da harshensu, a ba su alewa da kuɗi, iyalai su haɗu a ci abinci. A da ma wannan rana ta fi Kirsimeti girma a wurinsu.

Shin taurin kai ne? Wataƙila da ɗan sa. Amma akwai darasi a ciki: ranar da ake cewa farkon shekara yarjejeniya ce ta mutane. Majalisa a Landan ta matsar da ita da alƙalami, manoman wani kwari suka ce su ba su shirya ba, kuma sama ba ta faɗo ba. Fiye da shekara 270 ke nan.

Na shida: Abin da aka zubar da abin da aka ƙaga

Kada ku fita daga nan da zaton komai nasu taushi ne. A ranar 26 ga Disamba akwai al'adar da samari ke dukan hannuwan 'yan mata masu aikatau da reshe mai ƙaya har jini ya fito. Ta mutu tun ƙarni na 19, kuma ba wanda ya yi kukan rashinta. Akwai farautar wani ɗan mitsitsin tsuntsu da suke kira dryw, a saka shi a ɗan akwati mai ado a yi yawo da shi gida-gida wajen 6 ga Janairu. Yau akwatin sai a gidan tarihi na St Fagans kusa da Cardiff, wanda aka buɗe a 1948.

Garin Llandysul ya bi wata hanyar. A ranar tsohuwar sabuwar shekara, mutanensa da na Llanwenog sukan yi wani wasan ƙwallo na ƙarfi da yaji, ƙofofin cocinsu biyu su ne raga, a sha giya a karya ƙasusuwa. A 1833 limamin cocin garin ya musanya wasan da taron makarantun Lahadi, inda ake karatun littafinsu mai tsarki da waƙa. Ranar ta tsira, taron ya tsira, karaya ce kawai aka rasa.

Ana kuma ƙaga sabuwa. A 1958 Bernard Baldwin ya fara tseren daren sabuwar shekara a garin Mountain Ash, domin tunawa da Guto Nyth Brân, gwanin gudun da ya rayu daga 1700 zuwa 1737. Labari ya ce ya faɗi ya mutu bayan ya ci tseren mil 12 daga Newport zuwa Bedwas. Duk shekara wani shahararren ɗan wasa, wanda ake ɓoye sunansa sai a daren, yakan ajiye furanni a kabarinsa a Llanwynno, ya ɗauko wuta ya gangaro da ita gari a guje. Al'ada mai rai ke nan: ana sassabe ta, ana yi mata dashe.

Na bakwai: Me za mu ɗauka?

Zamani ya koya wa mutane wani salon shiga shekara. Mutum ya zauna shi kaɗai da wayarsa, ya jera alkawura: daga gobe na daina kaza, na fara kaza, zan zama wani mutum daban. Duk nauyin a kan dare ɗaya, duk a kan wuya ɗaya. In ya yi tuntuɓe a mako na biyu, sai ya ce shekarar ta lalace, ya jira wata.

Ku auna wannan da abin da muka gani. Daga asubar 25 ga Disamba zuwa 13 ga Janairu kwana 20 ne, kuma a cikinsu ba a nemi kowa ya zama sabon mutum ba. An nemi ya huta, ya biya bashi, ya share ɗaki, ya buɗe wa wanda ya ƙwanƙwasa, ya ba yaro abin da ya sawwaƙa. Kowane ɗaya ƙaramin aiki ne da ake gamawa a wuni guda, kuma kowane ɗaya akwai wani mutum a ɗaya gefensa. Wanda ya yi alkawari a zuci, in ya saɓa ba mai sani. Wanda ya biya bashi kuwa, ya biya ke nan, an wuce wurin. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, suka kuma ce sannu ba ta hana zuwa.

Wani zai ce, ai wannan rayuwar ƙauye ce ta da, yau wa ya san maƙwabcinsa a birni? Tambaya ce mai nauyi. Amma ku duba su waye suke ɗaukar Mari Lwyd a yau: malaman makaranta, ɗalibai, ma'aikatan ofis, mutanen gari waɗanda ba su taɓa riƙe garma ba. Yunwar da ta haifi calennig ta ragu, buƙatar dalilin ƙwanƙwasa ƙofar wani kuwa tana nan. Gwamnatin Wales ta sa wa kanta burin samun masu jin harshen miliyan 1 nan da 2050, kuma harshe a bakin ƙofa da bakin yara yake rayuwa kafin ya rayu a takarda. Yaron da ya rera waƙar calennig a Cwm Gwaun ya yi darasin harshe bai sani ba.

Shawarata gare ku, ko da wace kalanda kuke ƙirga shekararku, ku rage girman alkawari ku ƙara yawan mutanen da ke cikinsa. Ku zaɓi abu ɗaya da za a iya gamawa kafin rana ta take tsaka, wanda wani zai amfana da shi, ku yi shi. In kun makara, mutanen wancan kwari sun nuna cewa ana iya farawa bayan kowa ya gama.

Mai girma shugaba, a nan zan dasa aya.  Wanda yake da tambaya, ko gyara, ko ƙarin bayani, fili nasa ne. Sai dai ina roƙon a fara ba ɗalibai da iyayenmu mata dama. Allah ya ba mu alherin shekarar da muke ciki da wadda za ta zo.